Tono Tsofaffin Waƙoƙi a Kiɗan Gareji: Ceto Ne Ko Cin Gumin Wani?

Kiɗan gareji reshe ne na kiɗan rock wanda ya yi tashe a Amurka da Kanada tsakanin 1963 da 1968. Masu yinsa galibinsu samari ne 'yan sakandare, su huɗu ko biyar, da jita biyu ko uku da ganguna, wani lokaci da ƙaramar fiyano ta lantarki, suna gwaji a garejin motar iyayensu. Ba su yi karatun kiɗa ba. Jarinsu ƙarfi ne da ƙara da zumuɗi, kuma yawancinsu faifai ɗaya ko biyu suka buga a wani ƙaramin kamfani na garinsu kafin aikin soja ko jami'a ko aure ya watsa su. Tun daga wancan zamani har zuwa ƙungiyoyin da suka farfaɗo da salon a shekarun 1980 da 2000, akwai ɗabi'a guda da ba ta rabu da su ba, wato su tono wata tsohuwar waƙa da ba ta yi kasuwa ba, wadda ba kowa ne ma ya san da ita ba, su sake kaɗa ta da salonsu. A kan wannan ɗabi'a ake jayayya. Wasu na ganin ceto ne ga waƙoƙin da suka kama hanyar ɓacewa. Wasu kuma na ganin cin gumin mawaƙan da aka manta da su ne, musamman baƙaƙen fatar Amurka waɗanda daga wurinsu mafi yawan waƙoƙin suka fito.

Ɗabi'ar ta samo asali ne daga buƙatar sana'a. Ƙungiyar da aka ɗauka ta yi wasa a zauren rawa na matasa sai ta cika awa uku ko huɗu tana kiɗa, kuma samarin da ba su wuce shekara goma sha bakwai ba ba su da waƙoƙin kansu da za su cika wannan lokaci. In sun kaɗa waɗanda ake ji a rediyo kullum, jama'a za su gwada su da masu waƙar na asali su ga gazawarsu, kuma ƙungiyar unguwar gaba ma su take kaɗawa. Mafita ita ce bayan faifai. Ƙaramin faifan wancan zamani waƙa biyu yake ɗauka, ɗaya a fuska wadda kamfani ke tallatawa, ɗaya a baya wadda sau da yawa cike gurbi ce. Wanda ya dace da waƙa mai daɗin rawa a bayan faifan da ba wanda ya saya a garinsu, ya samu abin da za a riƙa kira nasa.

Babu misalin da ya tattara dukkan ɓangarorin wannan muhawara kamar "Louie Louie". Richard Berry, baƙar fata mazaunin Los Angeles, shi ya tsara ta a tsakiyar shekarun 1950, kuma shi kansa ya ari tubalin kiɗanta daga "El Loco Cha Cha" ta René Touzet, makaɗi ɗan asalin Kyuba. Labarin wani matuƙin jirgin ruwa ne mai begen masoyiyarsa a Jamaika. Ta fito a 1957 a bayan faifai, a ƙaramin kamfanin Flip, ta ɗan yi kasuwa a gaɓar yammacin Amurka, ta lafa. Kafin shekarun 1950 su ƙare Berry ya sayar wa mai kamfanin haƙƙinta tare da na wasu waƙoƙinsa a kan dala 750, domin ya samu kuɗin hidimar aurensa.

Waƙar ba ta mutu ba. Ta yi arewa zuwa jihar Washington, inda Rockin' Robin Roberts da ƙungiyar Wailers ta garin Tacoma suka fitar da tasu a 1961, ta zama waƙar da kowace ƙungiyar yankin sai ta iya. Daga wannan faifan ne Kingsmen, samarin Portland, suka koye ta da kunne. A Afrilun 1963 suka shiga situdiyo suka naɗe ta a kan kuɗin da bai wuce dala 50 ba. An rataye makirfo can sama, mawaƙinsu Jack Ely ya ɗaga wuya yana kwarmato don muryarsa ta ratsa ƙarar kayan kiɗa, ga kuma wayar gyaran haƙora a bakinsa, don haka kalmomin suka fito a cakuɗe. Bayan jita ta gama nata zagayen, Ely ya yi gaggawar shigowa kafin lokaci, ya ankara ya yi shiru, mai ganga ya rufe gurbin da 'yan bugu, sannan aka ci gaba. Ba a sake naɗi ba, haka aka buga faifan da kuskurensa. Wani mai gabatar da shiri a rediyon Boston, Arnie Ginsburg, ya sa shi a matsayin faifai mafi muni na mako, sai masu sauraro suka yi ta bugo waya suna neman a ƙara. A ƙarshen 1963 waƙar ta kai mataki na 2 a jadawalin Billboard. Cakuɗewar kalmomin ta haifar da jita-jitar cewa batsa ce aka ɓoye, Gwamnan Indiana Matthew Welsh ya nemi gidajen rediyo su daina sa ta, hukumar FBI ta shafe fiye da shekara guda tana bincike, daga bisani ta ce ba a iya gane abin da ake faɗa. Ƙungiyoyin da suka biyo baya har kuskuren shigowar Ely suka riƙa kwaikwaya, kamar dama can haka aka tsara waƙar.

Masu goyon bayan maimai suna farawa ne daga nan. Hujjarsu ta farko ita ce waƙa ba ta rayuwa a cikin kwali. Faifan da aka buga kofi ɗari biyar a 1959, kamfanin ya rushe, kaset ɗin asali ya ɓace, ba shi da wata hanyar kaiwa ga kunnen mutane in ba wani ya ɗauke shi ya sake rerawa ba. Da Wailers da Kingsmen ba su taɓa "Louie Louie" ba, da yau masu tara tsofaffin faya-fayai ne kaɗai suka san ta. Haka "Hanky Panky", wadda Jeff Barry da Ellie Greenwich suka rubuta a 1963 don cike bayan faifan ƙungiyarsu Raindrops. Tommy James, yaro ɗan makaranta a Niles ta jihar Michigan, ya ji wata ƙungiya na kaɗa ta, bai riƙe dukkan baitocin ba, ya cike sauran da nasa. Faifansa ya kwanta har sai da aka tsinto shi a Pittsburgh, ya kama wuraren rawa, a 1966 ya kai mataki na 1 a Amurka. Marubutanta biyu ba su yi asarar komai ba, abin da suka yar ne aka mayar musu da shi kuɗi. A ganin wannan ɓangare, da tsohuwar zuma ake magani, kuma wanda ya san inda take a ajiye ya cancanci yabo.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin ta shafi mutane masu rai. Maimai yakan sa a koma neman mai waƙar. Ƙungiyar Cramps, wadda Lux Interior da Poison Ivy suka kafa a New York a 1976, ta gina sunanta ne a kan faya-fayan gwanjo da su biyun suka yi shekaru suna tarawa. Cikin abin da suka tono akwai "She Said" ta Hasil Adkins, wani mutumin ƙauye a tsaunukan West Virginia wanda yake kaɗa jita da ganga yana waƙa shi kaɗai a lokaci guda, kuma ya yi shekaru yana aika naɗe-naɗensa ga kamfanoni ba tare da ya samu shiga ba. Bayan Cramps sun kaɗa ta, Billy Miller da Miriam Linna, wadda ta taɓa zama mai gangar Cramps, suka nemo shi suka tattara tsofaffin waƙoƙinsa a kundin Out to Hunch a 1986, wanda da shi ne kamfaninsu Norton ya fara. Adkins ya ci gaba da fitar da faya-fayai yana yawon wasa har rasuwarsa a 2005. Ƙungiyar Sonics ta Tacoma, wadda ta watse tun shekarun 1960, maimaita waƙoƙinta da na baya suka yi ta yi ne ya sa ta sake haɗuwa a 2007, har ta fitar da sabon kundi a 2015. Wani babban abin da ya share wannan hanya shi ne Nuggets, tarin waƙoƙi 27 na ƙananan ƙungiyoyin shekarun 1960 da Lenny Kaye ya haɗa wa kamfanin Elektra a 1972. Bai yi kasuwa ba da farko, amma ya zama littafin karatun ƙungiyoyin da suka biyo baya, kuma a kan sawunsa jerin Pebbles da Back from the Grave suka fito.

Masu goyon bayan suna kuma cewa ba a san inda za a tsayar da tuhumar ba in aka fara ta. Berry ya ara daga Touzet. Sonics sun maimaita "Have Love, Will Travel" ta Berry a 1965, Black Keys suka sake maimaita ta a 2003. Kiɗan blues da dukkan wannan ya tsiro daga gare shi, a kan aron baiti da karin murya ya ginu tun kafin a fara naɗarsa a faifai.

Masu suka ba su musa ko ɗaya daga cikin waɗannan labarai ba. Abin da suke tambaya shi ne sunan wa aka rubuta a jikin faifai, kuma aljihun wa kuɗin ya shiga. A 1963 Trashmen, samarin Minneapolis, suka fitar da "Surfin' Bird" ta kai mataki na 4. Haɗin waƙoƙi biyu ce na Rivingtons, ƙungiyar baƙaƙen fata ta Los Angeles, amma a bugun farko sunan mai gangar Trashmen aka sa a matsayin marubuci. Sai da Rivingtons suka tayar da magana aka gyara. Trashmen sun ce a bakin wata ƙungiya suka ji ta, ba su san masu ita ba, kuma mai yiwuwa gaskiya suka faɗa, sai dai rashin sani bai sa su bar gurbin sunan fayau ba. "Hey Joe" ma ta sha irin wannan. Billy Roberts ya yi mata rajista a 1962, amma lokacin da Leaves da sauran ƙungiyoyin Los Angeles suka yi ta kaɗa ta a 1965 da 1966, wasu faya-fayan sun jingina ta ga Dino Valenti, wasu mawaƙan kuma suka ce waƙar gargajiya ce marar mai ita. A nan ne masu suka suka fi kafa ƙafa: ɓoyuwar waƙar ita ce ke buɗe ƙofar zalunci. Ba wanda zai kaɗa waƙar Beatles ya ce tasa ce. Wadda ba a sani ba kuwa, ko makaɗi bai yi ƙarya da bakinsa ba, shirunsa ya isa jama'a su ɗauka shi ya ƙirƙire ta.

Sai batun launin fata, wanda ba a iya raba shi da kasuwar kiɗan Amurka ta wancan lokaci. Gidajen rediyon da suka fi yawan masu sauraro ba su cika sa faya-fayan baƙaƙen fata na ƙananan kamfanoni ba, amma in fararen samari suka maimaita waƙar sai ƙofa ta buɗe. Don haka kalmar "ɓoyayyiya" kanta tana da abin dubawa, inji masu suka: waƙar ba ta ɓoye kanta ba, hana ta fitowa aka yi, kuma a unguwannin da ake sauraronta ba baƙuwa ba ce. Misalin da suka fi kawowa ba daga gareji ya fito ba, daga Rolling Stones ne, waɗanda samarin gareji suka ɗauka abin koyi. A 1964 Irma Thomas ta New Orleans ta rera "Time Is on My Side" a bayan faifai. Cikin 'yan watanni Stones suka fitar da tasu bisa tsarin tata, ta zama waƙarsu ta farko da ta shiga goman farko a Amurka. Thomas ta yi shekaru masu yawa ba ta rera ta a dandali, domin masu kallo sun riƙa zaton ita ce ke maimaita waƙar Stones.

Wannan misali yana da abokin tafiya da ke nuna inda gizo ke saƙar. A wannan shekara ta 1964 Stones suka maimaita "It's All Over Now" ta Valentinos, ƙungiyar 'yan'uwan Womack, ta zama waƙarsu ta farko da ta kai mataki na 1 a Ingila, ta kuma danne faifan asali da bai daɗe da fitowa ba. Bobby Womack ya fusata. Amma ya sha ba da labarin cewa fushin ya kwanta ranar da kuɗin haƙƙinsa na farko suka iso. Ƙungiya ɗaya ce, shekara ɗaya, aiki iri ɗaya, amma Womack ya ci riba, Thomas ta tashi a tutar babu. Bambancin shi ne Womack na cikin marubutan waƙarsa, Thomas kuwa rerawa kawai ta yi.

Dokar Amurka ce ta tsara haka. Tun 1909 doka ta ba kowa damar sake naɗar duk waƙar da aka riga aka fitar wa jama'a ba sai ya nemi yardar mai ita ba, muddin zai biya ƙayyadadden kuɗi a kan kowane kofi, kuma dokar 1976 ta ƙara sharaɗin kada a sauya ainihin karin waƙar. Kuɗin ya tsaya a sent 2 tun daga 1909 har ƙarshen 1977, kusan shekara saba'in bai motsa ba. Ya kai sent 9.1 a 2006, ya koma sent 12 a 2023. Wannan kuɗi na marubuci ne da kamfanin da ke riƙe da haƙƙin rubutun. Wanda ya rera waƙar da farko, da makaɗan da suka ƙirƙiro salon da aka kwaikwaya, ba su da ko sisi a cikin maimai. Abubuwa biyu ke fitowa daga nan. Na farko, ƙaramar ƙungiyar da ta buga kofi dubu a lokacin da farashin yake sent 9.1, dala 91 ke kanta a kan waƙa guda, don haka maganar cewa maimai yana azurta tsofaffin mawaƙa ba ta da tushe sai a 'yan lokutan da waƙa ta fashe ko ta shiga talla ko fim. Na biyu, in marubucin ya riga ya sayar da haƙƙinsa, ko an karɓe shi da wayo, to ko ƙungiyar ta biya har kwabon ƙarshe, ba shi zai gani ba.

Abin da ya faru da Berry ke nan. Waƙarsa ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi maimaitawa a tarihin rock, amma mafi yawan kuɗin sun wuce shi, har ta kai a tsakiyar shekarun 1980 yana zaune a gidan mahaifiyarsa a Los Angeles da tallafin gwamnati. Sai da wani kamfanin abin sha ya so sa waƙar a talla, aka nemo shi, aka shiga maganar lauyoyi, sannan ya dawo da wani kaso na haƙƙinsa, kuma abin da ya samu daga baya ya haura dala miliyan ɗaya. Ya rasu a 1997. Su ma Kingsmen da ake ganin sun ci gajiyarsa ba su tsira ba. Jack Ely ya bar ƙungiyar tun kafin faifan ya fashe, sauran kuma sun yi kusan shekara talatin ba a biya su kuɗin faifansu ba, sai a 1998 shari'arsu da kamfanonin da ke riƙe da naɗin ta ƙare da nasararsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Wanda ya duba wannan labari da kyau zai ga cewa samarin Portland ba su ne suka talauta Berry ba, takardar da ya sa wa hannu tun kafin su san waƙar ce ta yi, kuma in ba don faifansu ba da babu abin da lauya zai ƙwato masa. Wannan bai wanke kowa ba, amma ya nuna cewa kaso mai tsoka na tuhumar da ake ɗora wa makaɗa, ofishin kamfani ya kamata a kai shi.

Akwai wata suka ta daban wadda ba ruwanta da kuɗi. Masu ita suna cewa ƙungiyar da ke rayuwa a kan waƙoƙin wasu ba ta da abin faɗa, kuma tono wanda ba a sani ba dabara ce ta rufe wannan talauci. Kayan aro ba ya rufe katara. Suna nuni da ƙungiyoyin farfaɗowa na shekarun 1980, irin su Chesterfield Kings na Rochester, waɗanda kundinsu na farko a 1982 maimai ne na ɓoyayyun waƙoƙin gareji, kuma suka kwaikwayi har aski da sutura da kayan kiɗan 1966. Sukar tana da ƙarfi a kan irin wannan aiki. Abin da ya ba faya-fayan asali armashi shi ne yara ne ke ƙoƙarin yin abin da ya fi ƙarfinsu, suna kuskure a hanya. Ƙwararren da ya zauna ya haddace wancan kuskure don ya maimaita shi daidai, ya kama siffar ya saki ruhin. Duk da haka a 1982 waɗancan faya-fayai sun yi wuyar samu ƙwarai, kuma ga matashin da ba shi da kuɗin sayensu, kwafi mai aminci ya fi babu.

Sai dai sukar ba ta hau kan kowa ba. Detroit Cobras, waɗanda suka taso a Detroit a 1994 da Rachel Nagy a murya da Mary Ramirez a jita, kusan duk aikinsu maimai ne, kuma ba su taɓa ɓoye hakan ba. Kundinsu Mink, Rat or Rabbit na 1998 da Life, Love and Leaving na 2001 cike suke da tsofaffin waƙoƙin soul da ba su yi kasuwa ba, har da na Irma Thomas da wata ta farkon rayuwar Otis Redding, "Shout Bama Lama". Ba kwaikwayo suka yi ba. Sun cire ƙahonni da fiyano suka bar jita, suka ƙara sauri, kuma waƙar da namiji ya rera a 1962 in ta fito daga bakin Nagy sai ma'anarta ta juya. Zaɓen waƙa da sarrafa ta fasaha ce mai zaman kanta. Elvis Presley da Frank Sinatra ba su shahara da rubutu ba, kuma sai bayan zuwan Bob Dylan da Beatles ne aka fara ɗaukar mawaƙin da ba ya rubuta abinsa a matsayin ragagge. Dirtbombs kuma, su ma 'yan Detroit, sun rikita lissafin launin fata, domin jagoransu Mick Collins baƙar fata ne, kuma kundinsu Ultraglide in Black na 2001 waƙoƙin Curtis Mayfield da Marvin Gaye da Stevie Wonder da wasunsu ne aka kaɗa da jita mai kaushi da masu ganga biyu. Haka tun a 1964 Premiers, samari 'yan asalin Meziko daga San Gabriel a Kalifoniya, suka yi kasuwa da "Farmer John" ta Don da Dewey. Hoton fararen yara masu kwashe kayan baƙaƙe gaskiya ne a wurare da yawa, amma bai ɗauke dukkan filin ba.

Ƙungiyoyin shekarun 2000 da suka yi suna sosai sun nuna cewa ana iya ara tare da nuna mai kaya. White Stripes sun sadaukar da kundinsu na farko a 1999 ga tsohon mawaƙin blues Son House, suka maimaita "Death Letter" tasa a 2000, suka kaɗa ta a bikin Grammy na 2004 a gaban miliyoyin masu kallo, daga baya kamfanin jagoransu Jack White, Third Man, ya shiga sake buga tsofaffin naɗe-naɗen kamfanin Paramount. Black Keys sun yi ƙaramin kundi guda, Chulahoma, a 2006, dukkansa waƙoƙin Junior Kimbrough na Mississippi, sannan a Delta Kream na 2021 suka gayyato Kenny Brown da Eric Deaton, makaɗan da suka yi aiki da Kimbrough da R.L. Burnside. Mai suka zai ce Son House ya rasu tun 1988, Kimbrough tun 1998, yabon bai same su da rai ba, kuma dukiyar da waɗannan ƙungiyoyi biyu suka tara ta ninka duk abin da dattawan suka gani a rayuwarsu. Gaskiya ne. Amma sunan yana rubuce, magada suna da abin bi, kuma mai sauraro ya san inda zai nufa.

Intanet ta sauya ma'aunin ta fuskoki biyu. Hujjar ceto ta ragu, domin faifan da a da sai an yi shekaru ana nema yanzu yana YouTube, kuma kamfanonin sake bugu sun kwashe mafi yawan abin da ke cikin kwalaye. Amma tsoron sata ma ya ragu, tunda cikin minti guda ake gano asalin waƙa, kuma ƙungiyar da ta yi shiru a kai za a tona ta. Abin da bai sauya ba shi ne hanyar da kuɗi ke bi. A 2022 shirin Wednesday na Netflix ya sa "Goo Goo Muck" ta Cramps a wani fage na rawa, waƙar ta bazu a duniya. Cramps sun naɗe ta a 1981, asalinta kuma faifan Ronnie Cook da Gaylads ne na 1962. Lux Interior ya riga ya rasu tun 2009. Haƙƙin rubutun kuwa yana hannun wani makaɗi a Bakersfield wanda ya karɓe shi shekaru da suka wuce a madadin bashin da yake bi, kuma shi wannan kaso ya faɗo wa.

In aka auna ɓangarorin biyu, masu goyon baya sun fi gaskiya a kan waƙa, masu suka sun fi gaskiya a kan mawaƙi. Ba a cika samun ɓoyayyiyar waƙar da maimai ya kashe ba, waɗanda ya raya kuwa suna da yawa. Amma marerin farko wanda ba shi ya rubuta ba, irin Irma Thomas, doka ba ta tanadar masa komai ba, kuma in maimai ya zo da wuri har kasuwarsa yakan tafi da ita. Maimaita waƙar da ta shekara talatin a kwance ba ɗaya ba ne da maimaita wadda ta fito watan jiya tana neman tsayawa da ƙafarta, kuma mafi yawan aikin ƙungiyoyin gareji na baya-bayan nan irin na farkon ne. Ƙungiyar da ta rubuta sunan marubuci daidai, ta ambaci wanda ya fara rerawa a jikin kundi da kan dandali, ta biya abin da doka ta ce, sannan ta yi wa waƙar wani abin da babu shi a faifan asali, babu laifin da za a kama ta da shi. Wadda ta bar jama'a suna zaton waƙar tata ce, ta ci haƙƙin wani ko da ta biya kuɗin lasisi.